Gaisuwar Gidan da Ba a Ga Gawa Ba

Shekara tara ke nan, a wannan damina, da muka kai Dakta Rakiya makwancinta a Ƙanƙara. Ni na yi mata salla. Ina iya tuna ƙasar kabarin, ja ce, jiƙaƙƙiya, tana manne wa mutane a takalma, ga masara ta yi kore shar a gonakin da ke kewaye har inda ido ya tsaya. Tun daga lokacin, duk shekarar da masara ta fara goyo sai Rakiya ta faɗo mani a rai, in yi mata addu'a, in ci gaba da harkokina. Ban taɓa ɗaukar alƙalami a kanta ba sai bana, domin abin da ta ƙare rayuwarta tana fama da shi ya zo ya zauna mani a tsakar gida.

Taubashiyata ce, ɗiyar gwaggona. Ni malamin makaranta ne, na koyar da fiƙihu da tauhidi a Faskari har na ajiye aiki, yanzu ina zaure, masu tambayar gado da aure da saki suna zuwa su same ni. Ita kuwa boko ta bi har ƙarshensa. Ta karanci halayyar ɗan Adam, ta zama likitar masu damuwa a wani babban asibiti a birni, irin ciwon nan da awo ba ya nunawa. Ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya. Zama take yi da mutum ta saurare shi har ya gaji da ɓoye abin da ke cinsa. Na sa mata suna Likitar Surutu, ita kuma ta rama da Malam Bai-Halatta-Ba. Ko a gaban ɗalibaina da wannan sunan take kirana, ba ni kuma da bakin hana ta, tunda taubashiya ce.

Bari in faɗi abin da ke tsakar gidan nawa tun yanzu, kada in yi ta kewaye-kewaye. Ɗan farina, wanda kunya ba za ta bar ni in kira sunansa ba ko a takarda, Magaji muke ce mashi, ya tafi Sabuwa sayen hatsi ranar kasuwa, damina biyar da suka wuce. 'Yan bindiga suka tare hanya, suka kora mutanen motar daji. Wasu an kira danginsu a waya, aka yi abin da ake yi, suka dawo. Mu ba a taɓa kiranmu ba. Cikin waɗanda suka dawo, wani ya ce ya baro shi da ransa, wani ya ce ya baro shi kwance da zazzaɓi ko kai ba ya ɗagawa, wani kuma ya ce an wuce da su wani dajin. Matarsa Hauwa'u tana gidana har yau da 'ya'yanta biyu, ko talatin ba ta cika ba, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Da bazarar nan mahaifinta, Alhaji Sani, mutumin Tafoki, ya zo ya zauna gabana yana ta murza hula a hannu. Ya ce shi ba zai iya kai ni gaban alƙali ba, girmana ya fi haka, amma yana roƙon kafin a kai amfanin gona gida in faɗi magana ɗaya: ko a ci gaba da jira, ko a je a yanke. Yarinyar kuma ta ce ba inda za ta sai abin da Baba ya ce. Baban nan kuwa ni ne.

To, Rakiya ta fara cin karo da irin wannan zama tun hanyoyinmu na lafiya, tun ana tashi daga Faskari da yamma a nufi Sabuwa ba wanda zai ce maka kada ka je. Wata mata ce daga wani ƙauye kusa da Tafoki, Inna Tabawa, mijinta ya tafi ci-rani kudu bai dawo ba, ba saƙo, ba labari, shekara da shekaru. Aka kawo ta wurin Rakiya lokacin ta zo hutu gida, wai ba ta barci, kai na sara mata, wani abu na yawo a jikinta daga ƙafa zuwa wuya. An sha rubutu, an sha maganin kemis, shiru kake ji. Rakiya ta zauna da ita a ɗakin gwaggo, sai ta yi mata tambayar da na sha dariya da na ji ta. Ba ta tambaye ta inda ke ciwo ba. Cewa ta yi, idan mata sun shigo gidanki, mi suke ce maki? Tabawa ta ce ina kwana suke cewa, ina gajiya, daga nan sai su yi jugum, sai wata ta ɗauko zancen kaji ko na daddawa. Da yawansu ma sun daina shigowa, ba don gaba ba, don dai ba su san abin da za su ce ba.

Ran nan da la'asar sai ga Rakiya a ƙofar zaurena. Ta cire takalma, ta zauna daga bakin ƙofa inda ta saba zama, ta ce ta kawo mani tambayar da ba ta cikin littattafaina. Ta ce in duba in gani, Bahaushe bai bar wani hali ba gaisuwa ba. Mai noma sannu da aiki, mai jego barka da arziki, marar lafiya ya jiki, wanda ruwa ya daka a hanya ya ruwa, wanda aka yi wa sata a je mashi jaje, wanda aka yi wa rasuwa ya haƙuri. To wanda mutuminsa ya ɓace fa, ba a ga gawa ba, ba a ga mai rai ba, da wace gaisuwa ake shiga gidansa? Na ce yo ai sai a ce Allah ya bayyana. Ta ce wannan addu'a ce, kuma ita ake yi wa wanda akuyarsa ta ɓace, tana da kyau a makon farko, amma wa zai iya maimaita ta kowace safiya shekara bakwai?

Abin da take nufi, kamar yadda ta yi ta warware mani shi daga baya, gaisuwa ita ce hanyar da gari ke shaida wa mutum cewa mun san inda kake tsaye, muna ganinka. Wanda aka rasa gaisuwar da za a yi mashi, sannu a hankali sai a fara kauce mashi, shi ma ya rasa sunan da zai kira abin da ke damunsa. Baƙin cikin da ba shi da suna kuwa jiki yake komawa, ya zama ciwon kai da rashin barci da abin nan mai yawo daga ƙafa zuwa wuya. Na ce mata wannan ai falsafa ce, ba likitanci ba. Ta ce eh, falsafa ce, shi ya sa ta zo wurina, don ta gaji da likitocin da ke ganin malami ba ruwansa da ciwo, da malaman da ke ganin likita ba ruwansa da rai.

Daga nan ta ƙirƙiro mana zama. Duk zuwan da ta yi gida sai ta aiko a kira ni Ƙanƙara, ta kuma aika wa Fasto Audu, wani Bahaushe Kirista da suka yi firamare tare, kakanninsa Maguzawa ne daga wani ƙauye a bayan gari. Mu uku, ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidan gwaggo. Idan na rufe ido yanzu, wannan zaman nake gani fiye da komai a rayuwarta. An ɗauke ruwa, ƙasa na ƙamshi, ganye na ɗigo jefi-jefi bisa tabarma, hadari ya koma gabas ya yi baƙi bisa duwatsu, gwaggo ta aiko da gasasshiyar masara a faifai. Rakiya na riƙe da wani littafin Turawa tana juya mana shi da Hausa da baki, in ta zo inda ba ta yarda da marubucin ba sai ta yi tsaki ta ce wannan bai taɓa zaman makoki ba. Mukan kai magariba muna jayayya a kan kalma guda: rai ne ko kurwa, zuciya ce ko hankali, haƙuri ne ko dangana. Masu wucewa su yi ta kallonmu, malami da fasto da mace mai tabarau, suna mamakin abin da ya haɗa mu.

Ni nawa bayanin a shirye yake, tsaf. Na ce a fiƙihu wanda aka san shi da rai, rayayye ne har sai an tabbatar da akasin haka. Ba a raba gadonsa, ba a aurar da matarsa. In abin ya yi mata tsawo ta kai ƙara, alƙali ya sa a bincika, ya ɗiba mata wa'adi, in ya cika ta yi takaba ta fita. Malamai ma sun bambanta wanda ya ɓace cikin zaman lafiya da wanda ya ɓace cikin fitina. Mi ya rage? Rakiya ta ce ba ta ja da wannan ko kaɗan, rahama ce babba, amma alƙali aure yake yankewa, wa zai yanke wa zuciya? Fasto Audu, mutum ne mai sanyin magana, ya ce su ma a majami'a suna da addu'ar matafiyi, suna da ta jana'iza, tsakanin biyun nan ba su da komai. Ya ce yakan tsaya gaban irin waɗannan mata ya rasa wace zai karanta.

Ana cikin haka wani kuskure ya faru a gidan Inna Tabawa. Wata 'yar koli daga Sabuwa, baƙuwa, ta shiga gidan da kayanta. Ta ga mace zaune ba kwalli ba lalle, zane ya koɗe, fuska a bushe, sai ta ɗauka takaba take yi. Ta ajiye kaya, ta durƙusa, ta ce mata ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta. Matan gidan suka yi cirko-cirko, wata har ta ɗaga hannu za ta rufe wa baƙuwar baki. Tabawa ta dube ta, ta dube ta, sai ta fashe da kukan da ba ta taɓa yi ba tun tafiyar mijin. Tun hantsi take yi har azahar. Da ta gama ta ci tuwo, ta kwanta, ta yi barcin da sai da aka tashe ta salla.

Da labarin ya zo mana ƙarƙashin mangwaro, na tafa hannu na ce to Likitar Surutu, ga maganinki nan 'yar koli ta gano maki kyauta, sai ki riƙa ce masu duka mazan sun mutu, kowa ta yi kuka ta huta. Da wasa na faɗa. Amma a ranar na ga ɓacin ran Rakiya na gaske, wanda ban taɓa gani ba tun muna yara. Ta cire tabarau ta ajiye bisa cinya.

"Ni ban ga gawarsa ba, Malam," in ji ta. "In na faɗa, ƙarya na yi, ko da ƙaryar ta sa ta barci. Wa ya ba ni ikon kashe mijin wata da baki don aikina ya yi sauƙi?"

Ta kuwa yi gaskiya ta wani gefen ma, don ba a yi mako biyu ba Tabawa ta koma leƙen hanya, ciwon kan ya dawo. Maganar baƙuwa ce, wadda ba ta san mutumin ba, ba ta rasa komai da faɗarta ba, saboda haka ba ta riƙe ba. Rakiya ta ce irin wannan kalma, in har za a faɗe ta, sai ta fito daga bakin wanda shi ma faɗar za ta yi mashi ciwo. Ta ci gaba da zama da Tabawa duk zuwan da ta yi, ba ta ce mata ya mutu ba, ba ta ce mata zai dawo ba. Ta dai sa ta koma kiwon awakinta, ta koma zuwa biki da suna, ta koma sa kwalli.

Inda muka fi daɗewa muna kai ruwa rana shi ne maganar fidda rai. Na tsaya kai da fata cewa mumini ba ya yanke ƙauna, wanda ya ce ɓatacce ba zai dawo ba kamar ya taƙaita ikon Allah ne. Ta ce a'a, Malam Bai-Halatta-Ba, ka haɗa abu biyu ka ɗaure da igiya ɗaya. Yanke ƙauna daga rahamar Allah daban, fidda rai da dawowar mutum daban. Mace na iya cewa na sallama shi ga Mai shi, ko yana raye ko ba ya raye, ta tashi ta ci gaba da rayuwa, imaninta bai ragu da ƙwayar gero ba. Na ce ta kawo mani hujja. Ta ce ai kai ne mai littattafan, je ka nemo mani, na san tana ciki. Haushi ya kama ni na je na duba, na kuma same ta, amma sai da na ja wata guda kafin in gaya mata.

Har gaisuwar ta yi ƙoƙarin ƙerawa da kanta, kun ji ƙarfin hali. Wai a riƙa cewa ya zaman jira, mai amsawa ya ce muna cikinsa. Ta yi ta gwada ta a kan matan da ke zuwa wurinta, ta koya wa wasu ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙauye. Na ce mata gaisuwa ba a ƙera ta a ofis kamar kujera, a bakin mutane take tsirowa. Gaisuwar ba ta kama ba kuwa. Tsofaffi suka riƙa dubanta suna cewa wannan kuma gaisuwar wane gari ce? Ita da kanta ta riƙa dariyar abin, amma na san ya dame ta.

Ciwon da ya ɗauke ta bai ja dogon lokaci ba. Da na je duba ta asibiti ta rame ƙwarai, muryar ta yi ƙasa, amma bakin na nan. Ta ce in na tashi yi mata salla kada in tsaya jawo mas'aloli, mutane na da gona. A zaman makokinta na zauna a ƙofar gidan gwaggo, ƙarƙashin mangwaron nan, mutane na ta kwarara daga Ƙanƙara da Faskari da ƙauyuka. Kowa ya san abin da zai ce. Ya haƙuri, Malam. Da godiya. Allah ya jiƙanta. Amin. Tun ina amsawa da baki kawai har na lura kowace gaisuwa kamar tana ɗauke mani ɗan wani abu daga ƙirji, kamar yadda ake rage wa jaki kaya. Na ji haushin yadda ta yi gaskiya, ga shi ba ta nan balle in musa mata.

Yau da za ta ɗago kai ta ga ƙasar nan, ban san ta inda za ta fara ba. Abin da a zamaninta Tabawa ɗaya ce a ƙauye, yanzu ba unguwar da za ka shiga a Faskari ko Sabuwa ba ka samu irin gidan ba. Gonakin nesa sun koma daji, mutanen ƙauyuka sun taru a gari suna raɓe a gidajen dangi. Gaisuwar da ta nema ta rasa kuwa, wahala ta tsiro mana da ita ba wanda ya ƙera. Kalma ɗaya ce. In ka haɗu da mai irin wannan gida, bayan ina kwana sai ka rage murya ka ce, shiru? Shi kuma ya ce, shiru. Shi ke nan, kowa ya wuce. Ni ma ita ake yi mani a ƙofar masallaci da bakin kasuwa, damina biyar. Ina jin da Rakiya ta ji ta za ta ce ta fi babu, amma gaisuwa ce da ba ta zaunar da mutum, a tsaye ake yin ta.

Wani abu da zai faranta mata rai, zaman nan namu bai mutu da ita ba. Akwai matasan likitoci, wasunsu ta koyar da su, da kan zo lokaci-lokaci su tara limamai da fastoci a yi magana kan waɗanda suka dawo daga daji ba sa barci, da waɗanda nasu ba su dawo ba. Sun gayyace ni na je, na yi masu bayanin hukuncin ɓatacce tiryan-tiryan, suka yi ta godiya. Iyalai da yawa sun zo zaurena da irin wannan tambaya, na ce masu su je wurin alƙali, addini bai ce mace ta tsufa a bakin ƙofa ba. Ga wasu maganar ba ta yi mani nauyi. Da aka zo kan nawa, harshen ya zama dutse. Ina son yaron nan, ban taɓa faɗa ba, ɗan fari ne, ba a faɗa. Uwarsa ma haka. Muna gida ɗaya da Hajiya, kowa ya san abin da ke cin ɗan'uwansa, amma ko sau ɗaya ba mu taɓa zama mun yi zancensa ba.

Tun zuwan Alhaji Sani, in na kishingiɗa a zaure bayan azahar, tsakanin barci da ido biyu, sai in ga kamar Rakiya ta cire takalma ta zauna a bakin ƙofa. Hasken rana na bayanta, ba na ganin fuskar sosai sai ƙyallin tabarau. Ba ta ba ni fatawa, ba ta ce mani yi kaza. Tambayar nan tata kawai take yi mani, wadda na yi wa dariya: Malam, in mutane sun shigo, mi suke ce maka? In ce mata shiru suke cewa. Sai ta gyaɗa kai, ta yi ta kallon hanyar da ta bi ta gaban gidan, ni ma in bi ta da kallo, hanyar ta yi ta miƙewa tana shiga cikin masara, ba kowa a kanta. In farka in tarar kaji ne kawai ke tono a bakin ƙofar.

Makon jiya na shiga motar Ƙanƙara na je na ziyarci kabarinta. Ciyawa ta rufe shi, sai da mai gadin maƙabarta ya nuna mani. Daga can na nemi Fasto Audu, wanda yanzu ya dawo cikin gari da zama, ƙauyen nasu ya watse. Ya tsufa, ido ya yi rauni, da murya ya gane ni. Muka zauna muka yi ta tuna mangwaro da masarar gwaggo. Ban gaya mashi abin da ya kawo ni ba, amma ya sani, wa bai sani ba? Da zan tashi ya riƙe hannuna ya ce shi dai abin da ya riƙe daga Rakiya, ba ta taɓa hana kowa jira ba, ba ta dai yarda a sa mai rai ya yi jiran a madadin wani ba. Na hau mota da wannan maganar a raina har muka iso Faskari.

A hanyar nan na auna abin da ya rage na Rakiya. Ba ta bar gini da sunanta ba, gaisuwar da ta ƙera ta bi ta kabari, rubuce-rubucenta na Turanci suna can inda ni ba na iya karanta su. Abin da ta bari shi ne ta koya wa malami ɗaya mai taurin kai cewa sanin hukunci bai gama aiki ba sai an duba wanda hukuncin zai sauka a kansa, ta kuma koya wa likitoci cewa ba a yi wa mutum ƙarya don a ba shi sauƙi. Tsakanin waɗannan biyun ta tsaya duk rayuwarta, wuri ne mai wuyar tsayuwa, ni ma sai yanzu na taka shi.

Washegari da hantsi, an kwana ana ruwa, gari ya yi luf, na ce wa Hajiya ta turo mani Hauwa'u. Hajiya ta dube ni, ba ta tambayi dalili ba, ta juya da sauri. Tun zuwan yarinyar nan gidan ban taɓa zama da ita mu biyu ba, surukuta ce, daga nesa take durƙusawa ta gaishe ni in amsa ina kallon wani wuri. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofar zaure ta cikin gida, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kanta a ƙasa. Na shirya maganata tun asuba, da hujjojinta, da inda zan fara da inda zan ƙare. Zan ce mata ban san ko yana raye ba, ba zan kuma yi mata ƙarya in ce na sani ba, amma na sallama shi ga Mai shi, gobe ni da kaina zan raka mahaifinta wurin alƙali. Na yi gyaran murya. Na sake yi. Ko kalma ɗaya ta ƙi fita, sai carbi nake ja.

Ruwan da ya taru a indararo na ɗiga cikin bokiti. Can sai na ji muryarta, ƙasa-ƙasa, ba ta ɗago kai ba.

"Baba," ta ce, "ya haƙuri?"

Ashe ta daɗe da kaiwa inda nake tsoron kaiwa. Ba mijin take jira ba, ni take jira, ba ta so ta fita ta bar tsoho shi kaɗai yana kallon hanya. Damina biyar ina amsa tambayoyin mutane, ba wanda ya taɓa yi mani wannan gaisuwa a kan yaron nan, sai ita, wadda faɗar ta fi yi wa ciwo. Na buɗe baki in ce shiru, don shi bakin ya saba. Sai na ji na ce, da godiya. Na ce, ya namu haƙurin, ɗiyata? Ta ce da godiya, Baba. Daga bayan zana na ji Hajiya ta saki kukan da ta riƙe tun ranar kasuwar nan, ni ma ban ɓoye nawa ba, a gaban suruka, ban kuma ji kunya ba.

Mun je wurin alƙali, ni da Alhaji Sani, magana tana hannunsa yanzu. Har gobe ban ga gawa ba, ba kuma zan ce wa kowa na gani ba. Allah ya jiƙan Rakiya, ya haskaka kabarinta, ya saka mata da alheri. Shi kuma yaron, Allah ya jiƙansa inda duk yake, bisa ƙasa ko ƙarƙashinta.